Ruwan Iya Kande

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Sai da ya bi ta sanyi da kaka da damina, shekara talatin da wani abu, sannan ya kewayo ya same ni a Lafiya inda ya bar ni. Wancan karon ina tsaye cikin farar riga da farar hula, wannan karon ina zaune a tabarma gindin mangwaro, gwiwoyina sun ƙi ni.

Na zauna a garuruwa masu zafi. Na yi aikin jinya a Jidda, inda zafi ke zuwa da laima, mutum ya fito wanka ya ji kamar bai goge jiki ba. Na yi a Khartum, inda iska ke busowa kamar an buɗe bakin tanda. Zafin Lafiya daban yake, domin shi yana zuwa ne da alkawari. Da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, ganye ya tsaya cak, kaji su buɗe baki suna haki, kowa ya ɗaga kai. Can sai ka ga ya watse, ya bar gari da gumi. Haka zai yi ta yi wa mutane har su daina kallon sama.

Yanzu dai da sauƙi. Kafin magariba jikokina sun hau keke napep sun sayo ƙanƙara, akwai fiya wata a firiji, akwai fanka mai aiki da hasken rana. Idan ladan ya kira salla sai su miƙo mini kofi, gefensa har raɓa yake yi. Sun lura ba na kai shi baki nan take, nakan ɗan riƙe shi ina kallo. Suna yi mini tsiya, wai Hajiya tana jira ne ruwan ya gaishe ta. Ba su san Iya Kande ba.

A wancan azumin ba a yi jihar Nasarawa ba tukuna, muna ƙarƙashin Filato, Lafiya kuma gari ne da in ka fita da safe za ka gaisa da rabin mutanen da ka haɗu da su. Ina da yara ƙanana, muna zaune a gidan surukata, ina aiki a wani asibitin gwamnati. Shekarar ta zo da matsi, ruwa kuma ya yi ƙaranci. Rijiyar gidanmu ta koma taɓo tun kafin a ga wata. Guga zai sauka ya daɗe, ya fito da rabin ƙwarya mai launin kunun kanwa, sai an zuba alif an bar shi ya kwanta. Masu garwa suna yin nisa kafin su samo, in sun iso layinmu mata na tare su tun daga bakin hanya.

Surukata ce ke da ikon ruwa a gidan. Tana da randa da ta binne rabinta cikin yashi a zaure na ciki, kullum tana yayyafa wa yashin ruwan alwala don randar ta yi sanyi. Wannan ta buɗa-baki ce, ba mai taɓa ta da rana, ko yaro. Ruwan da aka wanke shinkafa shi ake wanke kwanuka da shi, na kwanuka a ba awaki, na wanka a tare shi a baho a zuba wa mangwaron nan da nake zaune a gindinsa yanzu, lokacin bai kai tsayina ba.

Da sahur mukan ci ɗumamen tuwo da miyar kuka, mu sha ruwa har ciki ya yi nauyi, ko da yake kowa ya san kafin hantsi ya fita ta fata. In an yi asuba na yi wa yara wanka da ruwa kaɗan, na jiƙa gero na kunun yamma na bar wa surukata, na wanke waken ƙosai, sannan na kama hanya a ƙafa tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Nakan sa ɗan tawul a jaka. In zafi ya kai inda ya kai, sai na jiƙa shi na ɗora a wuya.

A asibiti ma haka abin yake. Duk wanda za a yi wa tiyata, danginsa ne za su kawo bokitan ruwa su jera a bakin ƙofa. Safar hannu ta roba ba a yar da ita, wanke ta muke yi, mu hura mu ga ko ta huje, mu shanya a igiya, ka ga hannuwa jere suna lilo kamar suna gaida masu wucewa. Almakashi da sauran ƙarafa a risho muke dafa su. Wuta takan zo ta tafi yadda ta ga dama, janareto kuwa sai in za a buɗe cikin mutum ake tayar da shi.

Aikina a ɗakin farfaɗowa yake. Sunan ya fi ɗakin girma. Ƙarshen baranda ne aka kewaye da katako kusa da ɗakin tiyata, gado biyu, taga ɗaya mai kallon yamma, tukunyar iskar oksijin da muke tattali kamar zinariya, da wata na'urar zuƙe majina da ake takawa da ƙafa irin keken ɗinki. Nan ake kawo mutum in an gama yi masa aiki, yana cikin maganin barci, mu tsare shi har ya dawo hayyacinsa.

Mutane suna ɗauka in likita ya ɗinke ciki ya cire safar hannu an gama. A gaskiya a lokacin ne mutum ya fi zama ba mai tsaron kansa. Mai barcin gida in numfashinsa ya toshe zai juya, in wani abu ya shiga maƙogwaronsa zai yi tari. Wanda ke cikin maganin barci ba ya yin ko ɗaya. Harshensa na iya faɗawa baya ya rufe hanyar iska, amai na iya tasowa ya gangara huhu, shi kuma yana kwance lumui ba abin da ya sani. Duk abin da jiki ke yi wa kansa ba tare da an roƙe shi ba, mai jinya ce za ta yi masa har ya karɓi abinsa. Na yi shekaru ina wannan aiki, amma ban taɓa sabawa da ganin dawowar ba. Mutum kamar kayan wanki, ka ɗaga hannunsa ya faɗi. Sai gira ta motsa. Sai maƙogwaro ya haɗiye. Sai ka ga akwai wani a cikin idon da ɗazu ba kowa.

Daga baya na yi aiki a wani gari a arewacin Ingila, inda kowane gado ke da allo mai nuna bugun zuciya, da 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa ta faɗi yawan iskar da ke cikin jini. Na ji daɗin su ƙwarai, kuma na so a ce muna da su tun can. A Lafiya ta wancan lokaci kunne da ido da yatsa ne na'urorinmu. Littattafan da muka karanta ma sun ce in iska ta yi wa mutum ƙaranci zai koma shuɗi. Mutanenmu ba sa komawa shuɗi a fuska. Cikin leɓe muke dubawa, da ƙasan ido, da farce.

Mu biyu ne a ɗakin, ni da Sista Rahila, 'yar ƙabilar Eggon, Kirista, mace mai ƙarfi da saurin dariya. Akwai tsarin da ba wanda ya rubuta shi: in azumi ya zo, Kiristoci ke riƙe wurin daga la'asar sakaliya har a yi magariba, mu je mu sha ruwa mu yi salla, in Kirsimeti ta zo mu kuma mu riƙe musu. Hausar Rahila ba ruwanta da mace ko namiji, kowa shi ne. Takan kalle ni da rana tsaka ta ce, “Sista Fanna, bakinka ya bushe kamar kilishi, je ka zauna kafin mu kwantar da kai a gado na biyu.”

Mai ba da maganin barci kuwa Malam Buba ne, Bafulatani, siriri, mai natsuwa. Da yake ni Babarbariya ce, tsakaninmu sai tsiya. In ya turo mara lafiya yakan ce ya kawo wa baiwarsa aiki, ni kuma na ce ai na ga alama, tunda ba saniya ba ce ya rasa yadda zai yi da ita. Amma in ya zo faɗin abin da ya ba mutum, da yawan jinin da ya zuba, da abin da zan sa wa ido, wasa ya ƙare. Ba ya juya baya sai na maimaita masa.

Ranar da nake son ba da labarinta tana cikin goman tsakiya. Tun safe ba iska. Bayan azahar wata a-kori-kura ta shigo da gudu daga garin Awe, a bayanta mace kwance a kan buhuna, kanta a cinyar wata tsohuwa. Sunan macen Habi, ba ta wuce shekarun ƙanwata ba. Tsohuwar mahaifiyarta ce, Iya Kande.

Masu dafa gishiri ne. A Awe aikin mata ne, kuma bazara ce kakarsa, domin da ruwan sama ya sauka an tashi. Suna ɗebo ruwan gishiri su yayyafa a fili, rana ta busar, su kankare ƙasar su zuba a tukwane masu huda, su tace, su dafa a kan itace har ya zama fari. Duk wannan cikin rana, ga wuta, ga azumi. Habi tana ɗauke da tulu ta dafe mara ta durƙushe. Ashe ƙaramin ciki ne da ita wanda ita ma ba ta tabbatar ba, ya zauna a wajen mahaifa, ya fashe, jini yana zuba a ciki. A hanya an yi an yi ta karya azumi ta ƙi, wai rana ta riga ta raba. Ko da suka iso ba ta magana, cikin leɓenta fari fat kamar auduga.

Likita ɗaya ne a bakin aiki ranar. Bai jira komai ba aka shiga da ita. Ba mu da jini a ajiye. Abin da aka yi shi ne abin da ake yi a irin asibitocinmu a lokacin: da aka buɗe cikin, aka sa ludayin ƙarfe da aka dafa aka kwashe jininta da ya taru, aka tace shi ta ƙyallen bandeji ninki-ninki, aka zuba a kwalba, aka mayar mata ta jijiya. Na ba wasu Turawa abokan aikina wannan labari bayan shekaru, suka yi ta kallona kamar ba su yarda ba.

Rana ta fara sunkuyawa aka turo ta wurina. Maganin shaƙa aka ba ta, mai warin nan da ke kama tufafi har gida, wanda ke daɗewa bai saki mutum ba, ya kuma zo da amai. Malam Buba bai yi tsiya ba. Ya ce ta yi nisa, jikinta ba ƙarfi, maganin zai daɗe kafin ya fita, in kula da numfashinta. Yana cikin faɗa aka zo da gudu aka ce ga wata mai naƙuda, yaro ya gicciye, sai an yi aiki yanzu. Ya koma. Jim kaɗan aka leƙo aka ce Sista Rahila ta zo ta karɓi jariri, ba kowa. Ta kalle ni, ta kalli taga, ta ce, “Sista, magariba fa.” Na ce ta je, magariba ba za ta gudu ba.

Na kwantar da Habi a kan gefenta, na duba kwalbar jini tana ɗiga, na sa mata oksijin. Sai na ji minshari mai kauri, ƙirjinta yana ja amma iska ba ta shiga sosai. Harshe ne ya faɗa baya. Na sa mata robar da ke danne harshe, bai isa ba. Na zagaya ta kanta, na sa yatsuna a bayan muƙamuƙinta ta gefe biyu na turo shi gaba. Nan take minsharin ya ɗauke, na ji iska mai ɗumi tana fita a bayan hannuna. Na ɗan sassauta in gani, ya dawo. Na sake turowa, ya tafi. Shi ke nan na gane. Numfashin matar nan yana tsakanin hannuwana biyu, kuma ba zan saki ba sai ta karɓa ko wani ya karɓe ni.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na dai ga hasken taga ya tashi daga ƙasa ya hau bango, ya yi ja. Kwanon rufi yana ta sakin zafin da ya tara tun safe. Gumi yana gangarowa cikin idona ba halin sharewa, sai dai na goga fuska a kafaɗa. Yatsuna suka yi tsami, suka daina, suka koma kamar ba nawa ba. Harshena ya manne a dasashi. Ta taga ina jin ƙanshin ƙosai daga bakin ƙofar asibiti, ina jin masu jinya suna shimfiɗa tabarmi, ana jera kwanukan kunu. Ƙaramin yatsana yana kan jijiyar wuyanta, tana bugawa siririya, da sauri, kamar ta ɗan tsako.

Can hannuna na hagu ya ƙage. Dole na ɗan gyara riƙo, a cikin wannan ɗan lokaci minsharin ya fito da ƙarfi, da ƙarar majina a ciki. Ashe Iya Kande tana tsaye a jikin taga tun ɗazu.

Ba a barin dangi su shigo ɗakin, amma ƙofar katako ce ba sakata. Sai ganinta na yi a gefen gado, 'yar ƙaramar tsohuwa, zaninta duk farin gishiri, tafin hannunta a tsattsage. Tana riƙe da kofin silba cike da ruwa. Ba kuka take yi ba. Fuskarta irin ta wadda ta riga ta karɓi hukunci ce, saura ta yi abin da ya rage.

Na gane abin da ta ji. Duk wanda ya taɓa zama a kan mai mutuwa ya san gargara, kuma ƙarar da ta fito daga maƙogwaron Habi ba ta da maraba da ita a kunnen wanda bai san aikinmu ba. A wurinmu kuwa in mutum ya kai nan, ana ɗiga masa ruwa a baki, ana laƙƙana masa kalmar shahada. Ni kaina na yi wa kakata. Ba a barin mutum ya tafi da busasshen maƙoshi, balle mai azumi, balle ana gab da kiran salla.

Ta tsoma yatsu a kofin, ta miƙo hannu wajen bakin 'yarta.

Ba ni da hannun da zan tare ta. In na saki, iska ta tsaya. In na bari, ruwan ba ciki zai tafi ba, huhu zai gangara, ga mace da ba ta da ƙarfin tari. Ba abin da ya rage mini sai baki, shi ma a bushe.

Na ce, “Iya, don girman Allah ki dakata. Ba tafiya take yi ba.”

Ta ce, “'Yar nan, na rufe idon mutane da yawa. Na san wannan ƙara. Tun sahur ba ta sa komai a bakinta ba, a gaban wuta ta yini. In za ta tafi, kada ta tafi da ƙishi.”

A Jidda da na danna ƙararrawa an zo an fitar da ita. A Ingila ma ba za ta kai ƙofar ba. A nan kuwa ni da ita ne, kuma abin da take so ta yi shi ne mafi alherin abin da ta sani. Na ce mata ta ajiye kofin ta kawo bayan hannunta kusa da hancin Habi. Ta kawo. Na ce ta ji iska? Ta ce ta ji. Na ce to ta saurara. Na sassauta yatsuna kaɗan, ƙarar ta taso. Na mayar, ta ɗauke. Na sake yi sau ɗaya don ta tabbatar, raina yana ƙuna da yin hakan.

Tsohuwar ta ja da baya kaɗan tana kallon hannuwana. Na gaya mata maganin da aka ba 'yarta ne bai sake ta ba, harshenta barci yake yi, maƙogwaronta ma barci yake yi, bai san hanyar ruwa da hanyar iska ba. Ko ɗigo ɗaya ya shiga yanzu, inda numfashi ke bi zai bi. Na nuna mata kwalbar da ke rataye da haɓata, na ce ga ruwanta can yana shiga ta jijiya, har da jininta da aka tace aka mayar mata.

Ta ce, “Aka tace?”

Na ce aka tace, da ƙyalle.

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Ban san abin da ta gani ba, mace da ta yi rayuwarta tana tace ruwa daga ƙasa. Sai ta ce to ita me za ta yi, don ba za ta iya tsayawa haka hannu sake ba. Na ce ta ciro tawul a jakata ta jiƙa, ta matse sosai, ta goge wa Habi goshi da wuya. Ta yi. Na ce ta taka mini na'urar zuƙe majina, ta sa bakin robar inda zan nuna mata. Ta taka da ƙafarta mai kaushi, a hankali, daidai, kamar ta saba.

Muna cikin haka ladan ya ɗaga murya daga masallacin bakin titi, wani ya amsa daga nesa, wani ya amsa. Waje ya yi tsit, irin shirun nan na lokacin da gari duka ya kai kofi baki. Ni dai na haɗiyi abin da babu, na yi niyya a zuci, na ce in Allah ya sa an karɓe ni na sha.

Iya Kande ta ɗauki kofin. Na ɗauka bakin Habi za ta kai shi. Ta kalli 'yarta, ta kalle ni, ta zagayo ta bayan gado. Ta sa hannu ɗaya ta tallafi ƙeyata kamar yadda ake yi wa yaro, ta kawo kofin bakina.

Ta ce, “Yi bisimilla. Ke ma 'yar wata ce.”

Ruwan da ɗumi, ya yini a mota. Yana da ɗanɗanon hayaƙi, gefen kofin kuma da gishirin hannunta. Na sha ina riƙe da muƙamuƙin 'yarta, wani yana zuba a haɓata yana gangara cikin riga. Na ji shi yana sauka har inda ya tsaya. Sai da na ce ya isa sannan ta kurɓi sauran, ashe ita ma ba ta buɗe baki ba.

Duhu ya fara shiga, aka tayar da janareto don ɗakin tiyata, ƙwan ɗakinmu ya kawo ja-ja. Na ce wa Iya ta yi wa Habi magana, domin kunne ne ke fara dawowa, ta kira sunanta. Ta sunkuyar da kai ta ce 'yar fari ce, ba ta taɓa faɗin sunan ba, ba kuma yau za ta fara a gaban mutane ba. Ta matsa kusa da kunnenta, da muryar da ake tashin yarinya sahur, ta ce, “Ke, baiwar Allah. Tashi haka nan. Kin bar mutane a tsaye.”

Ba zan ce maganarta ce ta tashe ta ba. Lokacin sakin maganin ya yi, jinin ma ya shiga. Amma abin da na ji a yatsuna na ji shi. Muƙamuƙin da ke kwance a hannuna kamar ɗanyen nama ya yi ƙarfi. Maƙogwaro ya hau ya sauka. Ta yamutsa fuska, ta turo robar da harshenta, ta yi tari, tari mai kyau, irin wanda mai jinya ke jin daɗinsa fiye da kiɗa. Amai ya biyo, muka juya kanta, Iya tana takawa ina zuƙewa. Sannan na ɗaga hannuwana a hankali na saurara. Iska tana shiga tana fita, ba ƙara. Yatsuna sun ƙi miƙewa, suna nan a lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da ita.

Ta buɗe ido. Ya yi yawo a rufi, ya zo kaina bai san ni ba, ya wuce, ya tsaya a kan uwarta. Na ga lokacin da ta gane ta. Leɓunanta suka motsa, muka sunkuya. Abin da ta fara tambaya a duniya shi ne ko an sha ruwa.

Iya Kande ta dube ni. Na girgiza kai, don sai hanjinta ya motsa, sai gobe in Allah ya kai mu. Tsohuwar ta goge mata leɓe da jiƙaƙƙen tawul, ta ce, “An sha. Sista ta sha miki naki.”

Rahila ta shigo da jini a gaban rigarta tana cewa namiji ne, ya yi kuka. Ta ga tsohuwa a kan na'ura, ta ga rigata a jiƙe, ta karɓe ni a kan Habi. Malam Buba ya leƙo ya duba idon Habi da bugun jijiyarta, ya ce ashe Barebari ma suna da amfani. Na fita baranda na yi magariba a makare.

Washegari da hantsi likita ya sa abin sauraro a cikinta ya ce a fara ba ta kaɗan-kaɗan. Uwarta ce ta ba ta, da cokali, daga kofin nan. Kafin a sallame su ruwan farko ya sauka, da iska da ƙanshin ƙasa, duk asibiti aka fito da bokitai da bahuna aka jera ƙarƙashin indararo. Iya Kande ta tsaya a baranda tana kallo, ta ce gishirin bana ya ƙare ke nan. Ba ta faɗe shi da baƙin ciki ba.

Ban sake ganinsu ba. Na bar ƙasar bayan 'yan shekaru, na sha ruwan Nilu, na sha na famfon Ingila mai sa haƙori tsami, na dawo na tarar Lafiya ta zama babban birni, asibitoci sun sami na'urorin da muke mafarki. Jiya da magariba hadari ya haɗu ta gabas, ya watse. Jikata ta miƙo mini kofi mai raɓa, ta tsaya tana jira ta ga ko yau ma sai ruwan ya gaishe ni. Na karɓa da hannu biyu. Na duba, duka biyun a sake suke, ba numfashin kowa a cikinsu. Na yi bisimilla na sha.